Inna Rifkatu, Mai Addu'a Ido Buɗe

Kafin rana ta leƙo bayan kasuwar Talata Mafara, Inna Rifkatu ta riga ta share gaban injin niƙanta. Mutuniyar Zuru ce, Kirista. Da kitson amarci ta zo garin nan, yau kuwa ba a gane inda garin niƙa ya tsaya furfura ta soma. Takan zauna kan benci, ta haɗa hannuwa, ta yi addu'a, amma ba ta rufe ido. Wannan abu ya daɗe yana ba ni mamaki.

Jibo mai shayi ya taɓa tsokanarta: "Inna, ɓarayi kike tsoro?"

Ta ce, "Kai dai zuba shayinka. In na rufe, wa zan gani in kai sunansa gaban Ubangiji?"

Kwanonin niƙa take kallo, jere a ƙasa, kowanne ta san gidansu. Ƙarar inji ta cinye mata kunne, sai Allah ya mayar mata da ji a ido. Da hantsi, in ƙurar gari na yawo cikin haske, sai ka rantse addu'o'inta ne ke hawa sama a hankali.

Akwai wata shuɗiyar roba ta Saude, wadda ta gudo daga Faru da marayunta. Da fari cike take zuwa da dawa. Ta koma rabi. Rannan ba ta zo ba, washegari ma haka. Saude kuwa ta gwammace ta kwana da yunwa da ta miƙa hannu, ga yara har sun daina wasa.

Inna ta kashe inji, ta saɓa buhu, sai kangon da suke zaune. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Ɗiyata, injina ya ci amanarki. Duk niƙan da kika kawo sai ya riƙe kaɗan a cikinsa. Ga shi na kakkaɓo."

Saude ta damƙo garin ta duba. "Inna, yaushe na taɓa kawo masara?"

"Je ki tambayi injin. Ni kurma ce."

Yanzu Saude na sayar da kunu a tasha, shuɗiyar roba ta dawo layi. In an gama mata niƙa sai ta ɗebi tafi guda ta mayar, ta ce, "Rabon inji ne." Matan unguwa sun kwaikwaya, ba wanda ya ce su yi.

Ke ce, Inna, inuwar da ba ta tambayar sunan mai zama. Ke ce kike faɗin amin da ƙafafunki. An ce bayan girbi za ki koma Zuru ki huta. Mun gode, Allah ya saka.

Jama'a, kowa da alƙiblarsa. Amma in ka ɗaga hannu, ka fara duba kwanon wa ya daina zuwa.