Huffin Alhaji

Jiya a kasuwar Canaan, nan ƙasar Sin, wani mutumin Maraɗi yana ɗaure dila ya ce min, "Ai tsohon nan naku ya rasu tun kafin azumi." Na tsaya riƙe da wandon da nake tayawa.

Tsohon, wani Alhaji ne mai zuwa sarin kaya daga gida, shi ya ja ni hawan duwatsu bara waccan, da Sinawa suka rufe shaguna don bikin sabuwar shekararsu. Kwana biyar muna bin wani mai nuna hanya ƙauye-ƙauye, ni da takalmina na zuwa Juma'a. A rana ta uku, can sama, sanyi ya kashe min yatsun ƙafa. Na ce, "Alhaji, kai ka gama cin duniyarka, shi ne ka kawo ni in mutu?"

Ya zauna kan dutse ya cire huffinsa na fata. "Sa wannan. Zagin ka ajiye sai mun sauka." Na sa da ɗuminsa, yana warin man zafi.

Muka sauka, ban nemi gafararsa ba har ya koma gida. Kullum cewa nake sai ya dawo sarin kaya.

Allah ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa ya yafe min, don ni ban roƙa ba.