Sarki Biyu a Hannun Oom Stoffel

Shekara tara ina raba karta a kulob ɗin tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kimberley, duk Asabar da ƙarfe biyu na rana, kuma ban taɓa ganin mai surutun Oom Stoffel Mentoor ba (Oom, wato kawu, haka muke kiran dattawa). Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa taragai, ya bar yatsa guda a tsakanin ƙarafa, da ya yi ritaya sai ya kama wasan foka kamar shi ya ƙago shi. Wallahi ina kewar mutumin nan.

Gasarmu ba ta masu kuɗi ba ce. Ka biya rand hamsin, a ba ka tulin robobi a madadin kuɗin wasa, in sun ƙare ka koma gefe ka sha shayi ka yi gulma. Amma wanda ya ci gasar ƙarshen shekara ana ba shi kujera a babbar gasa ta Cape Town, da tikitin bas. Wannan kujera Oom Stoffel ya ƙwallafa rai a kai. Yana so ya zauna da gwanayen birni ya ga ko abin da yake koya mana na gaskiya ne.

Abin da yake koya mana kuwa duk a kan Tannie Lenie Fortuin ya gina shi, wata tsohuwar tela mai ɗinka rigunan makaranta (Tannie, wato gwaggo). Mu in muka sami karta mai kyau ƙara kuɗi muke yi tun farko. Ita ko a'a. Ko as biyu ta riƙe, hannun da babu na sama da shi, sai ta lallaɓo ta ajiye mafi ƙanƙantar kuɗin shiga tana hamma, tun kafin in buɗe kartan tebur da kowa ke haɗawa da biyun hannunsa. Wani mai zafin kai ya ƙara don ya kore ta, ita kuma ta turo robobinta duka.

"Ku ji ni da kyau, 'yan banza," in ji Oom Stoffel. "In Lenie ta lallaɓo, kar ka ƙara. Ta ba ka ganin kartan tebur kyauta, to ka gani mana! In sun dace da naka ka yanka ta. In ka yi wautar ƙarawa ta turo duka, zubar da naka, ko me ka riƙe."

"Stoffel, bakinka ba ya ciwo?" in ji ta. "Sha shayinka, ya huce."

A shekarar da nake ba ku labari idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce kafin sanyi mai zuwa ba zai bambanta shida da tara ba. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ranar gasar ƙarshe mutum talatin da huɗu suka zauna, kafin ƙarfe shida saura biyu: shi da Tannie Lenie, robobinsu kusan kai ɗaya.

Na raba. Ta leƙa nata, ta yi hamma, ta lallaɓo. Shi ya kai nasa har bakin hanci, ya daɗe yana kallo. Ya ƙara! Ni da nake raba karta ba ni da bakin magana, amma na san ya taka dokar da shi da kansa ya kafa.

"Duka," in ji ta.

"Lenie, na san abin da ke hannunki."

"To zubar mana, malamin makaranta."

Ya yi minti uku yana huci. "Shekara tara ban taɓa samun sarki biyu a wasan ƙarshe ba sai yau," ya ce, ya tura nasa duka. Ta buɗe as biyu. Na jera kartan tebur biyar, babu sarki ko ɗaya da zai cece shi. Ta cinye gasar. Haushinsa na ji, wallahi, har na ƙi gaishe shi da zan tafi. Daga ranar bai sake zama a tebur ba.

Bayan mako biyu ta dawo daga Cape Town da ƙunshin busasshen kifi, ta ce in raka ta gidansa. Muka same shi a baranda.

"Ko awa ban yi ba suka fitar da ni," ta ce. "Na lallaɓo da as biyu, wani mai ɗan kunne ya ƙi ƙarawa. Ya ga kartan tebur kyauta, ya cinye ni da shida da huɗu. Shida da huɗu, Stoffel!"

"Bai ƙara ba?"

"Ko kwabo."

"A Cape Town ɗin? Gwani ne?"

"Shi ya zo na uku."

Ya yi dariya har da tari, yana dukan gwiwa. Can sai dariyar ta tsaya, ya juya fuska wajen da yake zaton ina tsaye, ni kuwa ina ɗaya gefen.

"Ka ji ko?" ya ce. "Da na je, da na iya da su."