Lawwali na kantin Alhaji Abdulra'uf

Allah ne Ya ba mu, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, 1349, Lawwali ɗan Illa, mai sayarwa a kantin Alhaji Abdulra'uf da ke bakin kasuwar Matameye, ya riga mu gidan gaskiya.

Kakar gyaɗa ce, kanti ya cika da manoma masu sayen yadi. Lawwali, ka ɗauko garwar kananzir daga ciki, igiyar ɗaurin dilar yadi da aka kwance ta sarƙe maka ƙafa, ka faɗi, ƙeyarka ta bugi ƙarfen ma'auni. Muka taso a guje, ka miƙe kana kaɗe riga.

"Ba komai, Manu," ka ce mini. "Sallami tsohuwar nan, daga ƙauyen Yauri ta tako."

Bayan azahar amai ya kama ka, ka daina gane mu. Ana cikin ɗaura wa raƙumi sirdi don a kai ka wurin likita a Damagaram, rai ya yi halinsa.

Ni na san faɗuwa a kantin nan. Daminar da na zame a kan man gyaɗa na karye a cinya, Alhaji ya yi niyyar ɗaukar wani a madadina. Kai ka durƙusa gabansa ka ce, "Alhaji, a bar masa gurbinsa. Ni zan yi aikinmu mu biyu." Haka ka yi har na ajiye sanda. In an tashi, ka biyo gidana da fura, ka zauna kana kwaikwayon yadda Bature ke gaisuwa da Hausa, ina dariya ƙafar na zogi.

Ba ka taɓa miƙa wa mutum kaya ba ka tambayi lafiyar gidansa ba. Da aka ɗauko ka, har mutanen ƙauyen Dungu sun bi gawa, wasu ko sunanka ba su sani ba.

Ke Baiwa, matar Lawwali ta amana, da 'yarki Fadima, Allah Ya ba ku haƙuri. Jiya Fadima ta tambaye ni, "Baba Manu, wa zai buɗe kanti?"

Allah Ya jiƙan ka, Lawwali, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.