Ranar da Baba Ya Amsa Sallama a Bayan Gilashi

Ko zan manta da komai na shekarar da sojoji suka koma bariki, ba zan manta da wata Juma'a a gidanmu na Wudil ba, ranar da na ga mahaifina yana amsa sallama ba a jin sa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma da mutum ɗaya nake, wato yayana.

A shekarar ne ya zama kansila. Kansila fa, ba gwamna ba! Amma kafin a ce me, tafiyarsa ta canza, ya koma magana ta hanci, in ka ce masa Yaya sai ya yi kamar bai ji ba, sai ka ce Honorabul. Alhali kowa a unguwa ya san ba don kyan fuskarsa aka zaɓe shi ba, albarkacin Baba ya ci. Baba tsoho ne mai jama'a. Ƙafafunsa sun yi rauni, don haka kullum yana kan buzunsa a gindin darbejiyar ƙofar gida. Duk mai wucewa sai ya rage tsawo ya gaishe shi. Ranar Juma'a kuwa, da yake ranar kasuwa ce, mutanen Darki da Lajawa da Utai ba sa shigewa sai sun tsaya. Gaisuwar nan ita ce abin da ya rage wa Baba a duniya, ya fi son ta da tuwo.

Sai Yaya ya rushe ɗakin da ke kallon titi, ya gina falo, ya je Kano ya kwaso wani gilashi mai shuɗi-shuɗi aka manna a manya-manyan tagogi. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, kullum in na tashi nakan biyo in kawo wa Baba fura. Ranar da aka gama aikin ya tare ni yana hura hanci.

"Ke, kin taɓa ganin irin wannan? An shafa masa wani sinadari ne siriri. In zafin rana ya zo, sai ya mayar da shi waje. Biyu ne a haɗe, ba a buɗe shi, ko ƙara ba ta ratsa shi. Ba sai an yi ta ƙona wuta a iyakwandishan ba."

Na ce, "Wace wutar, Yaya? Wadda muke yi wa guɗa in an kawo?"

Ya ja tsaki. "Matsalarku ke nan, ƙauyanci."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, gilashin yana aikinsa. A tsakiyar bazara ka shiga falon nan sai ka ji kamar ka kusanci randa. Amma da rana, na ciki ne kawai yake ganin na waje. Na waje fuskarsa kaɗai yake gani, kamar madubi.

Baba ya je Lajawa ta'aziyya ya kwana can. Kafin ya dawo, Honorabul ya sa an sare darbejiyar, wai tana tare wa masu wucewa ganin ginin. Ku ji fa! Itacen da ya girme shi. Da aka sauke Baba daga mota ya daɗe yana kallon kututturen yana salati. Yaya kuwa ko a jikinsa.

"Baba, mahaifin kansila ba ya zaman ƙasa a bakin titi. Ga kujera, ga sanyi, kuma kana ganin kowa."

Baba ya so ya ƙi. To amma ina zai zauna? Inuwa babu, ga gilashin yana kwaso rana yana watsowa daidai gurbin buzunsa. Haka aka kai shi falo aka dasa shi a wata lumtsumemiyar kujera da ba ya iya tashi daga cikinta sai an kama shi. Ƙofar falon ta waje kuma Yaya ya kulle, mukulli a aljihunsa, kada talakawan da suka zaɓe shi su taka masa kafet.

Na sha samun Baba yana ɗaga wa mutane hannu. Su kuwa sai su tsaya a gaban tagar su gyara zaman hula, mata su gyara ɗaurin ɗankwali, wani ma na gan shi yana sakace. Ba wanda ya san akwai tsoho a ciki yana kiran sunan ubansa.

Ranar Juma'ar da nake faɗa, ina zaune ina dama masa fura bayan an sauko daga masallaci, sai ga amininsa na Darki, wani tsohon dillalin shanu da suka taso tare. Duk ranar kasuwa sai ya zo sun raba goro, amma ya yi jinya ya kwana biyu bai leƙo ba, bai san abin da aka yi ba. Ya tsaya yana kallon kututture, ya kalli ginin, sannan ya matso jikin tagar. Muna ganin bakinsa yana motsi, mun san sallama yake yi.

Baba ya washe baki. "Wa alaikumus salam! Maraba, maraba!"

Tsohon ya saurara, ya sake yi. Baba ya ɗaga murya iya ƙarfinsa har da tari, yana ta kokawar tashi, kujera ta riƙe shi.

"Uwata, yi maza! Zai yi ta uku!"

Kowa ya san wanda ya yi sallama uku ba a amsa ba, juyawa yake. Na taɓa ƙofa, a kulle. Na buga gilashin da tafin hannu, hayaniyar motocin kasuwa ta shanye. Na kwasa da gudu ta cikin gida, na fizgi mayafi, na zagayo ta zaure. Kafin in fito ya hau acaɓa ya shige cikin jama'a. Mai tiredan da ke kallon gidanmu ya ce mini da tsohon zai tafi cewa ya yi, "Ashe shi ma ya zama gwamnati."

Na koma na tarar da Baba ya zamo daga kujera yana zaune a ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Da la'asar Yaya ya shigo yana baza babbar riga. Na zazzage masa abin da ke cikina tas, ban rage ba. Buɗar bakinsa sai ya ce, "To mene ne abin kuka? Ai sai ya dawo wani satin."

Baba ya ɗago ya dube shi. "Sau uku aka yi mini sallama, sau uku na amsa, ba a ji ni ba. Mutanen kabari ake yi wa haka. Ni kuwa da sauran numfashina."

Washegari ya sa na nemo mota. Muka fara zuwa Darki ya ba amininsa haƙuri da bakinsa, daga nan ya ce a wuce da shi Utai, gidan ƙaninsa. Yaya ya kwashi manyan jam'iyya suka je biko. Baba ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce ya yafe duniya da lahira, amma ba zai koma ba. Bai kuwa koma ba. A Utai Allah ya karɓi abinsa, kuma a can aka yi zaman makoki, ba a gidan da ya gina da hannunsa ba.

Ni ban ga laifin gilashi ba, yanzu haka irinsa ne a ɗakin kwanana. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce za ka hutar da tsoho, ka durƙusa ka tambaye shi abin da yake so. Yayana ya san komai game da zafin rana, amma bai taɓa tambayar mahaifinsa dalilin zamansa a ƙofar gida ba.