Orest Mai Cire Kullen Faifai

Orest Danyluk bai taɓa zama wani abu ba a garinmu da ke lardin Manitoba in ban da direban motar 'yan makaranta. Gajere ne, ga sanƙo, ga surutu kamar an kunna rediyo. Tare muka tashi, gidansu na kallon namu. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, tun daga nan ya mai da tsofaffin unguwa iyayensa, ya kuma fi maƙale wa tawa uwar.

Abu ɗaya ya iya. Dangi sukan aiko wa tsofaffinmu faya-fayan bidiyo daga Yukren, ƙasarmu ta asali, na waƙoƙin biki da na coci, saye na halal. Amma masu buga su sun sa musu kulle, injinanmu na nan ba sa karɓarsu. Sai Orest ya sa su a kwamfutarsa, ya cire kullen, ya kwafe a sabon faifai. Aikin ke nan fa, bai kai dahuwar dankali ba.

Ni kuwa, Halyna, ni ke yi wa Mama wanka, ni ke yanke mata farce, ni ke canja zanin gado. Sannu ba ta haɗa ni da ita, sai dai "miyar nan ba gishiri". Amma ran Lahadi da ta ji takun Orest sai fuska ta washe.

"Orestko! Shigo, ɗan albarka. Halyna, kin tsaya kamar turke, ɗumama masa pirohi mana."

"Mama, irin wannan kyau yau? Wa ake yi wa kwalliya?"

"Tafi can, ja'iri!"

Ina kicin ina ɗumama pirohin, wato kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, ina jin dariyarsu, raina na ƙuna. Kishi nake yi, ba sai na ɓoye ba.

Ana nan sai aka ji majalisa na shirin dokar da za ta haramta cire irin wannan kulle, ko da kai ka sayi faifan. Orest ya ɗauki abin da zafi. A bakin coci, a kanti, har a filin wasan ƙanƙara yana tare mutane: "Yanzu ka sayi gida, a ce laifi ne ka buɗe ƙofarsa?" Bai huta ba sai da ɗan majalisarmu ya yarda zai zo zauren coci ya saurare mu. A zauren nan kuwa wanda ya fi kowa shekaru shi ke fara magana.

"Mama ce za ta buɗe taro," in ji Orest.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Tun da ƙugunta ya karye Mama ba ta leƙa waje ba. Bikin 'yata Oksana har durƙusawa na yi ina roƙonta, ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba.

Ranar taron na shiga ɗakinta na tarar da ita zaune a bakin gado, sanye da farar rigarta mai aikin jan zare.

"Mama, wannan ai ita kika ajiye kika ce a binne ki da ita."

"To na mutu ne? Miƙo min ɗankwali, kada mu sa yaron nan jira."

Ni na tura kekenta na marasa lafiya cikin dusar ƙanƙara har zauren. Da aka miƙa mata lasifika ta dubi ɗan majalisar ta ce, "Yaro, waƙoƙin da uwata ta yi min ne a cikin faifan nan, kuma ba sato shi na yi ba. In laifi ne, ni za ka ɗaure, ka ƙyale min Orest."

Zaure ya kaure da tafi. Ɗan majalisar ya sunkuyo yana murmushi. "Ɗanki ne, Mama?"

"Allah bai ba ni namiji ba, sai ya ba ni shi."

Ina tsaye a bayanta, ba ta waiwayo ba.

Da mako ya zagayo jaridar gari ta fito da hotonsu, ita da Orest kafaɗa da kafaɗa. Ni hannuwana kawai suka fito, riƙe da keken. Mama ta sa aka yi wa hoton gilashi, ta ce a rataye shi inda za ta riƙa ganinsa daga gado. Ni ta sa na buga ƙusar.