Ramin da Na Nuna wa Baba

Matso kusa ka ji abin da har yau nake taƙama da shi. Wata Talata ce cikin rani, shekara biyu bayan canjin kuɗi zuwa naira, na kai wa Baba abinci sabon ɗakin shan maganin da ya ja wa wayar lantarki a Gaya, na tarar da wani dogon mutum mai duba aiki daga Kano tsugune da ɗan akwatin awo mai allura kamar ta agogo, ya maƙala shi jikin sandar tagullar da Baba ya binne a gindin gini. Aikin sandar, in wuta ta ɓalle ta bi ta cikinta ta shige ƙasa maimakon jikin mutum. Mutumin ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ce, "Malam Sale, ƙasarka ba ta shan wuta. Mako guda na ba ka, in ba haka ba ba za a tayar da injin wuta ba."

Baba ya dawo ko tuwo bai taɓa ba, don in aikin ya faɗi ba mai sake kiransa daga nan har Ajingi. Ya haƙa nan, ya haƙa can, duk rairayi ne busasshe, alhali ƙasa mai danshi ce ke shan wuta. Ni kuwa lokacin ba ni da aiki sai kiwon awakin Inna da ginin 'yan tukwanen wasa, kuma mu 'yan mata mun san inda yumɓu yake da danshi ko da rani, wato ƙarƙashin ɗinyar da ke bayan ginin. Da na faɗa, Inna ta ce, "Ke Ladi, rufa mana baki, ana maganar manya!" Amma da sassafe Baba ya saɓa diga ya ce in wuce gaba. Ya haƙa har ramin ya shanye shi, ya kafa sandar, ya zuba gawayi da gishiri, Inna tana ta mitar gishirin miyarta.

Da mutumin ya dawo, kallo ɗaya ya yi wa allurar ya sa hannu a takarda. Ya tambayi wanda ya zaɓi wurin, Baba ya nuna ni a gaban kowa ya ce, "Ga injiniyar nan."

Yanzu gidaje sai tashi suke, ana jan waya yau a kunna gobe, ban kuma ƙara ganin wanda ya tsuguna ya tambayi ƙasa ba. Kai fa, ka san inda sandar gidanku take?