Kiyashi a Ƙafar Wandon Malam

Kayan Malam ni ke wanke su. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa bari wata ta sa musu hannu ba, har bayan da matan 'ya'yana suka cika tsakar gida. Shi ya sa ni na fara ganin abin.

Ran nan ya dawo daga gonarsa ta Matsinkai a motar babban ɗanmu. Motar Kwatano ce, yana jigilar mutane da ita tsakanin Bagudo da iyaka, ranar da babu kasuwa kuma ya kai ubansa gona. Malam ya tuɓe wando ya rataya a igiya. Da na zo ɗauka sai na tarar ƙafar wandon ta yi baƙi ƙirin da kiyashi. Na karkaɗe su, na taɓa wurin. Da danshi, yana kama yatsa kamar ruwan rake, launinsa rawaya-rawaya. Nan na zauna daɓas a ƙasa.

Na san wannan alama. Ciwon suga ne ya ɗauke yayana, kuma kiyashi suka fara tona shi, a inda yake tsugunawa bayan ɗaki. Can ƙarshe fitsari kan biyo masa ƙafa bai ma sani ba. To ga shi Malam ne limamin masallacin unguwarmu. In najasa na zuba a tufarsa bai ji ba, ina sallarsa, ina sallar waɗanda ke bayansa?

Ban yi magana ba, na sa ido. Duk ranar da ya je gona haka wandon ke dawowa, sauran ranaku kuwa a bushe. Na ce girgizar hanya ce ke sako masa da shi. Na cire suga daga kununsa, na roƙi shiwaka wurin maƙwabciyarmu 'yar kudu na cika miya da ita. Ya yi ta faɗa wai tsufa ya kashe mini harshe. Na bar shi ya yi.

Amma abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wani hantsi na kori yara, na shimfiɗa wandon gabansa da kiyashin a kai.

"Malam, dubi wanga."

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya san yadda yayana ya ƙare, shi ya yi masa wanka. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun shigowar bazara. Sai ya yi salati. Ko kalma ɗaya bai yi a kan ciwon ba, sallolin mutane kawai yake ta ambata. Da azahar ya tura na'ibi gaba, shi ya tsaya a ƙarshen sahu. Bai ce wa kowa dalili ba, unguwa kuwa ta ɗauki zance, masu cewa ya rikice, masu cewa an yi masa asiri. Mutumin da ke cika zaure da murya ya koma kamar baƙo a gidansa.

Da ƙyar ya yarda a kai shi asibitin da ke tsallaken iyaka, don can babu wanda ya san fuskarsa. Ɗanmu kuwa muka ce masa jini kawai za a duba. Muka tashi rana ta yi sama, Malam a gaba, ni a baya da butata. Ba mu yi nisa ba wani ƙamshi ya cika motar, zaƙi-zaƙi kamar alewa ta kama gindin tukunya. Na ɗauka daga jikin Malam yake fitowa, na ja mayafi na rufe fuska. Sai kuma na ga gilashin gaba yana yin raɓa ta ciki, a tsakiyar zafin bazara, yaron na ta gogewa da hularsa. Na tambaye shi mi ke nan, ya ce, "Inna, haka take yi, ba komi."

Bai rufe baki ba muka ji wani huci, tururi ya taso daga ƙarƙashin inda Malam ya miƙe ƙafa. Malam ya kurma ihu. Tun da nake da shi ban taɓa jin wannan murya a bakinsa ba. Tafasasshen ruwa ne ke feshi a kan ƙafafunsa. Yaron ya gangara gefen hanya, muka jawo Malam waje, na juye masa butar, na juye jarkar ruwan da ke but ɗin motar. Fatar ta yi jajir, ta fara tashi. Ina ɗagowa sai ga yaron ya buɗe bonet, ya naɗe tsumma a hannu zai murɗe marfin lagireto, abin na ta kuka kamar tukunyar wake.

"Taɓa shi ka gani," na ce. "Ƙafar ubanka ba ta ishe ka ba, sai ka ba da fuskarka?"

Ya janye hannu.

Wani mai kabu-kabu ya ɗauko mana makanike a babur ɗinsa daga ƙauyen gaba, Bayarabe, ya tsufa a yankin nan har yarensu na Dandanci yake ji. Bai taɓa komai ba sai da injin ya huce. Sannan ya ɗaga shimfiɗar ƙasan kujerar gaba. Ta jiƙe sharkaf, ta ruɓe, kiyashi sun yi gari a ƙarƙashinta. Na tsaya baki buɗe.

Makaniken ya ce motocin nan daga ƙasar sanyi suke zuwa, akwai wani ƙaramin lagireto a ɓoye daidai ƙafar mai zama gaba, hita suke ce masa, ruwan inji ke bi ta cikinsa don ya ɗumama musu ƙafa. Shi ne ya ci tsatsa yake ɗiga tun tuni, yau ya fashe. Ya juya ga ɗana ya tambaye shi ko ruwa na raguwa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce kullum da safe sai ya ƙara, allurar zafi ma takan hau, ya ɗauka rana ce.

"Direba, rana tana shan ruwan motarka ita kaɗai a garin?" in ji makaniken. "Da kun ƙara tafiya kaɗan da injin ya ƙone, sai dai ka sayar wa masu gwangwan."

Ya yanke tiyo biyun da ke shiga hitar, ya haɗe bakinsu ya ɗaure tam, ya ce ruwa ya riƙa zagayawa a inji kawai, mu a nan ba mu da sanyin da za a dafa mana ƙafa. Na matsa na tambaye shi ko ruwan yana da zaƙi. Ya ce, "Mama, zaƙi kamar zuma, amma guba ne, akuya ta lasa sai ta mutu."

Malam na jingine da gindin marke, ƙafafu sun kumbura suntum. Ya kira makaniken ya ce ya faɗa masa tsakani da Allah abin da ke cikin ruwan. Mutumin ya ce ruwan rijiya ne da ɗansa ke zubawa, da ragowar maganin sanyaya inji, sai tsatsa.

"Ba wani abu bayan wanga?"

"Babu, Baba."

Sai Malam ya ɗaga hannu yana hamdala, hawaye na bin gemunsa. Makaniken ya dubi ƙafafun, ya dube ni cike da mamaki.

Mun isa asibitin, aka ɗaure ƙunar, aka ɗebi jini. Babu suga. Sai dai liman ba ya jan masu tsayuwa yana zaune, don haka ya jira har ƙafa ta iya ɗaukarsa, ruwan farko ma ya sauka. Ranar da ya koma gaban sahu da magariba, ina tsakar gida na ji ya ta da kabbara. Na ajiye muciya har ya sallame.